Ko Mai Bege Yana da Izinin Kuka?

Autarmu ta rasu a watan Maris na 2023, tana da shekara tara. Sanƙarau ne. Ina Yamai lokacin, ina shirin jarrabawa, sai Baba ya kira ni da asuba ya ce in taho gida. Bai faɗa mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba, don duk ɗan da uba ya kira da asuba ya san ba lafiya ba. Tafiyar ta fi kilomita 800. Kafin mota ta sauke ni a mararrabar Takieta, inda hanyar Matamai ta rabu da babbar hanyar Damagaram, tuni an rufe ta.

Mu Kirista ne, kuma a garinmu ba mu da yawa. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram tun 1924, amma mu ta wata ƙofa abin ya shigo gidanmu: kakana ya yi jinyar kuturta a Danja, kusa da Maraɗi, can ya karɓi wannan addini ya dawo da shi. Maƙwabtanmu duka Musulmi ne. Ranar 16 ga Janairun 2015 da aka ƙone majami'u a birnin Damagaram, dattawan unguwarmu suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu suka zauna har dare, ba wanda ya roƙe su. Ƴaƴansu ne kuma suka haƙa wa Auta kabari. Na faɗi wannan ne don ku sani, ƴan'uwana ɗalibai, ba gardamar addini na zo yi da kowa ba. Wata tambaya ce ta hana ni barci, nake so mu duba ta tare.

Kwana biyu da rasuwar, wata dattijuwa daga cikin ƴan ikilisiyarmu ta zo gaisuwa, ta tarar da Inna tana kuka. Sai ta ce mata, "Haba ƴar'uwa, share hawayenki mana. Yarinya tana wurin Ubangiji. Kuka ai na marasa bege ne." Inna ta haɗiye kukan nan ina kallo, kamar wadda aka kama tana sata. Da na koma jami'a kuma, abokin ɗakina, wanda ba ya rabuwa da littattafan Marx, ya yi mini gaisuwa da zuciya ɗaya, sannan bayan ƴan kwanaki muna shan shayi ya ce, "Kamarad, kar ka ji haushina. Wannan zancen rai madawwami da kuke yi banju ne. Ana ba talaka don kar ya ji zafin abin da aka yi masa."

Mutanen nan biyu ba su san juna ba, kuma da za su haɗu ba za su shirya ba. Amma na lura abu ɗaya suka faɗa. Dukansu sun ɗauka aikin bege shi ne kashe zafi. Ita tana ganin haka alheri ne, shi yana ganin cuta ce. Ni kuwa ina ganin dukansu ba su fahimci kalmar ba.

Tunda ilimin harshe nake karanta, bari in fara daga inda na fi ƙarfi. Bahaushe ba ya son cewa mutum ya mutu, sai ya ce ya rasu. "Rasu" daga "rasa" ta fito, tana cikin aji na bakwai na aikatau a tsarin da Parsons ya yi. Wato kalmar ba ta ba da labarin gawa, labarin waɗanda aka bari take bayarwa: mun nema, mun rasa. Muna kuma cewa ya riga mu gidan gaskiya, ko a ce Allah ya haskaka makwancinsa. "Riga" na nufin hanya ɗaya ce, wani ya yi gaba, wani na tafe. "Makwanci" kuwa wurin kwanciya ne, kuma wanda ya kwanta ana sa ran tashinsa. Kalmar da Faransawa ke kiran maƙabarta da ita ma daga Girkanci ta samo asali, ma'anarta wurin barci, Kiristocin farko ne suka yaɗa ta. Kun ga ke nan tun kafin a je ga wa'azi, harshenmu ya riga ya ɗauki abu biyu a hannu ɗaya: an yi rashi na gaske, kuma zancen bai ƙare ba.

Sai kalmar "bege" ita kanta. A bakin Kiristan da ke jin Hausa, bege shi ne sa zuciya ga alkawarin Allah. Amma a bakin sauran Hausawa fa? Bege shi ne kewar wanda ba ya kusa. Ɗan ci-rani a Kano ko Agadas yana begen gida. Sha'irai suna begen Annabi, har ka ga dattijo yana zubar da hawaye a wurin maulidi. Ba wanda ke begen abin da ke hannunsa. Muna da "fata", muna da "tsammani", muna da "sa rai", duka suna duban gaba. Bege kaɗai ne ke duban gaba yana jin ciwon baya. Ban san wata kalma da ta fi ta dacewa da halin da Inna ke ciki ba. Tana kewar ƴarta, tana kuma sa ran ganinta, kuma da kalma ɗaya za ta faɗi duka biyun. Wanda ya ce mai bege ba ya kuka ya raba kalmar gida biyu ya yar da rabi.

To, wani zai ce wannan wasan kalmomi ne, me addinin kansa ya ce? A Linjilar Yahaya, sura ta 11, akwai labarin Li'azaru na Betanya, abokin Yesu, wanda ya kwana huɗu a kabari. Yesu ya zo ne da niyyar tashe shi, ya ma faɗa wa ƴar'uwar mamacin haka. Duk da haka da ya ga masu makoki sai shi ma hawaye suka zubo masa. Na daɗe ina juya wannan wuri. Idan wanda ya san nan da ɗan lokaci mamacin zai fito da ƙafarsa bai ga kuka abin kunya ba, wane ne zai hana uwar da ba ta san ranar ba? Manzo Bulus ma, a wasiƙarsa ta farko zuwa ga mutanen Tasalonika, bai hana baƙin ciki ba. Wani irin baƙin ciki ya hana, irin na wanda ya ɗauka ƙofa ta rufe har abada. Ayar nan ce dattijuwar ta ɗauko, sai dai ta yanke mata wutsiya.

Ba yau aka fara wannan kuskure ba. Agustin, babban malamin ikilisiya, ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a garin da yau ake kira Suk Ahras cikin Aljeriya. Da mahaifiyarsa Monika ta rasu a Ostiya, kusa da Rum, a 387, ya danne hawayensa wurin jana'iza don yana ganin bai dace da mai bangaskiya ba. Sai daga baya, yana shi kaɗai a kan shimfiɗarsa, ya saki kukan, ya kuma rubuta labarin da hannunsa don masu zuwa su karanta. Abin mamaki, wanda ya kwance wa Inna wannan ƙulli limamin unguwarmu ne. Da ya zo gaisuwa ya ji shesshekarta daga ɗaki, Baba ya so ya ba da haƙuri, sai liman ya ce, "A'a, Malam, ƙyale ta." Ya ba shi labarin yadda Annabi Muhammadu ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu yana ƙarami. Ya ce abin da aka hana shi ne faɗar abin da zai saɓa wa Allah, hawaye kam rahama ne.

Yanzu ga maganar abokina, wadda ta fi wuyar amsawa, don akwai gaskiya a cikinta. Hausawa ma sun san irin wannan sa rai, shi ne suke kira tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram daga farkon Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, 18 suka rasu. Cuta ce da aka san ƙwayarta, aka san lokacinta, hunturu zuwa bazara, aka kuma san rigakafinta. Allurar da aka fara yi a Nijar a 2010 ta karya lagon nau'in A, wanda ya ɓarke mana kuwa nau'in C ne. Idan "tana wurin Ubangiji" zai sa mu daina tambayar me ya sa allura ba ta iso ƙauye da wuri ba, me ya sa iyaye ke kwana uku suna jiƙe-jiƙe kafin su kai yaro likita, to wallahi abokina ya yi gaskiya, banju muke sha.

Sai dai abin da aka koya mini tun ina ƙarami ba haka yake ba. Kirista ba ya sa zuciya ga kuɓucewar rai daga jiki kamar tsuntsu daga keji. Tashin jiki yake jira. Wannan jikin da ya yi zazzaɓi, wuyan nan da ya sanƙare, shi ne Allah ya ce zai sabunta. Idan kuwa jiki yana da wannan daraja a wurin Mahaliccinsa, ba ni da izinin in yi sakaci da shi yau. Littafinmu ba ya kiran mutuwa ƙawa, maƙiyiya yake kiranta, wadda za a kayar a ƙarshe. Mutum ba ya sulhu da maƙiyin da ya san za a kayar. Ina ganin shi ya sa mutanen da suka fi kowa wa'azin lahira suka gina asibitin Galmi a 1950, suka zauna wanke gyambon kutare a Danja. Da begen nan banju ne, da kakana ya mutu da ciwonsa ana yi masa waƙa.

Misalin da ya fi zama mini a rai daga gona na same shi. Duk ɗan Takieta ya san binne. Ƙarshen bazara, ƙasa busasshiya, ko ɗigon ruwa bai sauka ba, manomi zai buɗe rumbu ya ɗebi hatsin da yaransa za su iya ci, ya je ya tona rami ya zuba ya rufe da ƙafa. Kalma ɗaya muke amfani da ita ga iri da ga mamaci: an binne shi. Bulus ya yi wannan kwatanci a wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korantiyawa, sura ta 15, inda ya nuna abin da ake shukawa ba shi da kamannin abin da zai tsiro. Ƙwayar gero ba ta kama da zangarniya, amma ita ce. Mai binne ya san ya rage abincin gidansa, ya ji zafin haka, ya kuma san bai iya kiran hadari. Ba kuma zama yake yi ba, yana gyara hauya yana duban gabas.

A nan dole in faɗi inda muka bambanta da ƴan'uwana Musulmi, don ɓoye shi ba girmamawa ba ne. Dukanmu mun yarda da tashin ƙiyama da hisabi. Amma Kirista yana rataya begensa ne ga abu guda: cewa an gicciye Yesu Almasihu, ya mutu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. Musulmi bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, na san haka, ba kuma a waɗannan ƴan shafuna za mu warware abin da ya shekara fiye da dubu ba. A wurina dai tashin nan kamar tumu ne. Tumu ba ya cika rumbu, amma wanda ya gasa shi ya ci ya san sauran gonar na tafe. Ba zan iya kai abokina ɗakin gwaji in nuna masa wannan ba. Da ana iya gani da ido, da ba a kira shi bege ba. Abin da zan iya nuna masa shi ne irin mutumin da begen ke mayar da mai shi: ko ya naɗe hannu, ko ya ɗauki hauya.

Idin Tashi na shekarar ya faɗo ranar 9 ga Afrilu, tsakiyar azumi. Maƙwabta suna aiko mana da kunu da ƙosai kowace magariba, wai kar Inna ta wahalar da kanta da girki. Ran Lahadin muka taru mu kaɗan, aka ɗauki waƙar tashin matattu. Inna ta yi waƙar tun daga farko har ƙarshe, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. Dattijuwar nan tana gefenta. Ban san abin da ya faru tsakaninsu ba, na dai ga ta kama hannun Inna ta riƙe, ba ta ce komai ba.

Saboda haka idan ɗayanku ya je gaisuwar mutuwa, gidan Kirista ne ko na Musulmi, roƙona kar ya yi gaggawar rufe bakin mai kuka da aya. Ya zauna tukuna, ya ce ya haƙuri, ya bari a ba shi labarin mamacin ko sau nawa ne. In kuma ya ji ana allurar rigakafi a garinsu, ya kama hannun ƙannensa ya kai su da kansa.

Ƙarshen watan Mayu Baba ya kira ni, wannan karon da yamma. Ya ce ya binne tiya biyu a gonar gabas, wadda Auta ke kai masa fura. Na ce an yi ruwa ne? Ya ce tukuna.