Gani Ya Kori Ji? Tambaya Daga Makarantar Da Ke Kan Teku

Mu mutanen Yankwashi ba mu san teku ba. Ruwa mafi girma da yawancinmu muka buɗe ido muka gani shi ne dam ɗin Kazaure, sai kududdufan bayan gari da damina ke cikawa, su ƙafe kafin bazara. Daga nan zuwa bakin teku a Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000. Duk da haka, labarin wata makaranta da ke yawo a kan teku ya hana mu sakat, domin ya tayar mana da tambayar da ta shafe mu fiye da yadda muka zata: shin wanda ya je ya gani, ya sani ke nan?

Sunan shirin Semester at Sea. A Amurka aka fara shi a 1963, kuma tun 2016 Jami'ar Jihar Colorado ce ke kula da ɓangaren karatunsa. Jirgin ruwa ne babba mai suna World Odyssey, a zuba masa ɗalibai ɗari biyar ko fiye, da malamai da ɗakin karatu, a yi ta tafiya har kwana ɗari da 'yan kai. Ranakun da jirgi ke tsakiyar ruwa ana shiga aji, babu ruwan kowa da Asabar ko Lahadi. In ya tsaya a tasha sai a sauka a yi 'yan kwanaki ana zaga gari, sannan a koma. Kafin zango ya ƙare an taka ƙasa goma ko kusa da haka. Ghana na cikin ƙasashen da ya sha tsayawa, a Tema da Takoradi. Kuɗin ɗalibi ɗaya ya haura dala 25,000. Dabarar kanta ta girmi shirin, don tun a 1926 wani jirgi mai suna Ryndam ya tashi daga New York da ɗalibai kusan 500, ya zaga duniya da su cikin wata bakwai da rabi.

Mu faɗi gaskiya, abin da ya fara zuwa mana a zuciya sha'awa ce, da ɗan ƙyashi. Wa zai ƙi? Al'adarmu ma tana tare da su. Mun taso muna jin cewa gani ya kori ji, zuwa da kai ya fi saƙo, tafiya kuma mabuɗin ilimi ce. Da wannan karin maganar ta ƙarshe Abubakar Imam ya raɗa wa littafinsa suna, wanda ya rubuta a kan tafiyar da ya yi zuwa Ingila a 1943 cikin tawagar editocin jaridun Afirka ta Yamma. Babu Bahaushen da zai yi musun cewa fita tana buɗe ido.

Amma mu ɗauki ɗaliba guda da jirgi ya sauke a Takoradi. Tana da kwana huɗu ko biyar. Za ta je Cape Coast ta ga kurkukun da aka tsare bayi kafin a loda su zuwa Amurka, wataƙila ta zubar da hawaye, kuma hawayen na gaskiya ne. Za ta shiga kasuwa, ta ziyarci wata makarantar firamare, yara su kewaye ta, a ɗauki hoto. Ranar ƙarshe akwai lokacin da dole kowa ya kasance cikin jirgi, wanda ya makara kuwa a rage masa sa'o'in fita a tasha ta gaba. Duk wanda ta haɗu da shi ya san jibi za ta wuce, ita ma ta sani. Mai sayar da tsaraba ya nuna mata fuskar da ake nuna wa mai wucewa, yaran ma haka. Ta ga Ghana, babu shakka. To me ta sani game da ita? Hausawan da suka ce gani ya kori ji, su ne dai suka ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

A cikin Suratul Kahfi akwai ƙissar wani ɗalibi da karatunsa ya fara a cikin jirgin ruwa. Annabi Musa, alaihis salam, ya yi doguwar tafiya zuwa mahaɗar tekuna biyu don neman ilimi wajen bawan Allah da malamai ke kira Halliru. Suna shiga jirgi malamin ya huda shi. Musa ya gani da idonsa, ya kuma yi magana a kan abin da ya gani. Abin da bai sani ba shi ne jirgin na wasu talakawa ne, kuma a gabansu akwai sarki mai ƙwace duk jirgi mai lafiya. Idonsa bai yi masa ƙarya ba, labarin ne bai cika ba. Sharaɗin da malamin ya gindaya masa tun farko kuwa haƙuri ne: ya zauna, ya jira, kada ya yi gaggawar hukunci.

Kakanninmu ma sun yi karatun tafiya, har da ƙetare teku. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, alhazan ƙasar Hausa a ƙasa suke bi ta Borno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, su hau jirgin ruwa a Sawakin ko Port Sudan zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru. Guzuri ya ƙare, mutum ya tsaya ya yi ƙodago, musamman a gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925, ya tara abin da ya samu ya ƙara gaba. A hanya yake koyon Larabci, ya zauna gaban malamai, ya ci bashi, a cuce shi, a taimake shi, wani ya yi aure, wani ya binne ɗansa. Ba muna ƙawata wannan ba ne. Da yawa sun mutu a hanya, wasu an sayar da su, wasu ba su dawo ba har abada. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu a Sudan, mabiya Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma jikokinsu na can har yau. Amma wanda Allah ya dawo da shi gida, in ya buɗe baki a kan Sudan ana saurara, domin ya buƙaci mutanen can, kuma sun ga ranar da ba shi da ko sisi. Haka gardin da ya tafi gabas neman Alƙur'ani yake. Haka ma ɗaliban da jiragen kamfanin Elder Dempster, irin su Aureol da ya fara aiki a 1951, suka riƙa kwasa daga Legas zuwa Liverpool: kimanin mako biyu a kan ruwa, sannan shekaru cikin sanyi da neman ɗakin haya a wajen mutanen da ba su yi marhabin da baƙar fata ba.

A nan muke ganin bambancin yake. Mai wucewa yana kallon mutane, amma ba shi da abin da zai rasa in ya fahimce su a karkace. Wanda ya zauna kuwa, kuskuren fahimtarsa a jikinsa yake ƙarewa, don haka dole ya gyara. Jiki magayi.

Ba daga littafi muka koyi wannan ba. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma shekarun baya wata ƙungiya ta ba mu aikin manhajar rajistar manoma don rabon taki. Muka ce ai gida ne. Muka taso daga Kano a mota mai sanyi, muka yi kwana biyu muna zaga ƙauyukan da ke tsakanin Yankwashi da Roni da Gwiwa, muka gaisa da masu gari, muka ɗauki hotuna, muka koma. Muka tsara cewa kowane manomi zai yi rajista da lambar wayarsa, a turo masa lambar sirri ta saƙo, ya shigar da ita cikin minti biyar. A ofis komai ya tafi daidai. A ƙauye kuwa gida guda mai manoma shida waya ɗaya gare shi, kuma tana aljihun maigida da ya tafi ci-rani. Wani ƙauyen sai an hau tudu ake samun sabis. Wata wayar sai ranar kasuwa take ganin caji. Matan da ke noma gayaunarsu kusan duk manhajar ta tsallake su. Takin ya tafi ga masu waya, waɗanda dama su ne masu ɗan hali, damina kuma ba ta jira mu gyara ba. Duk waɗannan abubuwa sun faru a gaban idonmu cikin kwana biyun nan. Mun ga mutum a kan tudu yana ɗaga waya sama, har muka yi dariya. A wannan ƙasa aka binne cibiyarmu, amma mun shigo ta kamar ɗaliban jirgi, da agogon komawa a hannu.

To ke nan makarantar kan teku aikin banza ce? Ba mu ce ba. Muna dai zaton an ɗora darajarta a inda ba nan take ba. Ana tallata ta da yawan ƙasashe, alhali wurin da ɗalibi ke daɗewa shi ne jirgin kansa. Kwana ɗari a ƙaramin ɗaki da wanda ba kai ka zaɓe shi ba. Wanda kuka yi sa-in-sa da shi da safe, da shi za ka bi layin abinci da rana, malamin da ya kayar da kai kuma yana teburin da ke kusa. Babu inda za ka gudu, ko'ina ruwa ne. A Janairun 2005 wata igiya mai tsawon kusan mita 15 ta daki jirginsu na lokacin, Explorer, a arewacin tekun Pasifik, ta fasa tagar ɗakin matuƙa, ta lalata na'urori, sai da aka lallaɓa da shi zuwa Honolulu. A Maris na 2020 annobar korona ta sa aka katse tafiyar a Cape Town bayan tashoshi sun yi ta rufe ƙofa. A irin waɗannan ranaku mutum yake sanin halin abokin zamansa, ya kuma san nasa. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa, kuma a cikin saɓanin da babu halin guje masa ake koyon zama da mutane.

Wannan darasi ne da wayar da ke hannunmu take ƙwace mana sannu a hankali. A Facebook da WhatsApp muna leƙa ƙasashe ashirin kafin mu karya kumallo, wanda ya ɓata mana rai kuma mu toshe shi da ɗan yatsa. Mu da ke wannan sana'a mun san da gangan aka sauƙaƙa maɓallin. Sai muka wayi gari mun ga komai, amma ba mu iya zaman awa guda da wanda ra'ayinmu ya bambanta ba.

Akwai kuma waɗanda ɗalibi ke kwana ɗari tare da su ba tare da ya gan su ba: masu dafa abinci, masu gyaran gado, masu kula da inji a can ƙasa. A manyan jiragen fasinja na duniya da yawansu 'yan Filifin ne da ke barin iyali wata da watanni. Ɗalibin da ya biya dubban daloli don ya fahimci duniya, ga duniyar nan tana share masa ɗaki kullum safe. Akwai hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir, wanda ya kwatanta al'umma da mutanen jirgi guda, wasu a sama wasu a ƙasa. Na ƙasa suka yi niyyar huda ɓangarensu su ɗebi ruwa don kada su dami na sama, kuma in aka ƙyale su kowa zai nutse. Malamai suna kawo shi a babin hani da mummuna. Mu kuma abin da ya ƙara tsaya mana a rai shi ne, da na sama suna leƙa na ƙasa, da sun san ƙishirwarsu tun kafin a ɗauko gatari.

Ziyarar kwana huɗu tana da nata amfanin. Tana iya rushe ƙaryar da mutum ya taso da ita, kamar ɗan Amurkan da ya zaci babu bene a Afirka. Tana iya dasa tambayar da za ta dawo da shi ya zauna. Abin da ba ta bayarwa shi ne izinin yanke hukunci. Nan ne maganar ta zama ta amana, domin duk wanda ya dawo daga tafiya shaida ne a wajen waɗanda ba su je ba. Yau 'ya'yan Jigawa suna karatu a Masar da Indiya da Malesiya da Sin. In sun dawo hutu ana kewaye su a majalisa, kuma abin da suka faɗa shi ƙannensu za su riƙe: Larabawa kaza ne, Indiyawa kaza ne. Mu ma mun yi irin wannan, bayan taron mako guda a wani otal. Kafin mu sake, ya kamata mu tambayi kanmu: kwana nawa muka yi? Mun taɓa buƙatar wani ɗan ƙasar har ya ga gazawarmu? Akwai wanda ya ce mana mun yi kuskure, muka kuma zauna har muka gane gaskiyarsa? In amsar babu ce, to mu ce mun je mun gani, mu tsaya a nan.

Shekarar da ta biyo baya mun koma gyaran manhajar. Wannan karon muka sallami direba, muka yi mako uku a ɗakin soron wani kawunmu, muna bin layin caji tare da kowa. A mako na biyu wata dattijuwa da muka tsallake bara ta tare mu a bakin rijiya. Ta ce, "'Ya'yan nan, ku da kuke ta tambayar lambar waya, me ya hana ku tambayi sunan gonar? Waya tana tafiya Legas, gona kuwa tana nan." Da wannan shawarar muka sake ginin rajistar daga tushe, kuma a daminar nan sunanta ya fito a takarda.