Direba biyu, laifi ɗaya: tsakanin ƙaddara da ganganci

Duk mai kallon finafinan mu na Hausa ya san wannan fitowar. Labari ya cakuɗe, marubuci ya rasa yadda zai yi da kishiya ko da saurayin da ya tare wa jarumi hanya, sai kawai a nuno mota ta na sharara gudu, a ji ƙarar burki, hoto ya yi baƙi. Fitowa ta gaba a asibiti ce, likita ya na girgiza kai. Daga nan sai tabarmar zaman makoki, wani dattijo ya ce kwana ne ya ƙare. Shi ke nan, an wuce wurin. Haka abin ya ke a yawancin littattafan mu na soyayya. Ba a cika gaya mana abin da direban ya sha kafin ya bar tasha ba, balle inda idon sa ya ke lokacin da ya yi taho-mu-gama da tirela. A labaran mu hatsari ba shi da sanadi, faɗowa ya ke yi daga sama kamar aradu.

A gani na, wannan yanke da marubuta ke yi hoton tunanin mu ne a zahiri. Shi ya sa na ke so mu ɗan ajiye sharhin fim a wannan wata, mu tauna wata tambaya tare.

Ɗauki direbobi biyu da su ka tashi daga Kano da asuba za su Kaduna. Dukkan su sun kwana su na aiki, dukkan su sun afa abu iri ɗaya don ido ya buɗe, gudu iri ɗaya su ke yi. Na farko ya isa lafiya, ya sauke fasinjojin sa a Kawo, ya nemi mai shayi. Na biyu kuwa, daidai Kwanar Ɗangora wata 'yar talla ta shigo titi, kafin ƙafar sa ta kai ga burki aikin gama ya gama. To, mai karatu, a cikin su wa ya fi laifi? Mu dai mun saba mu kira na biyu mai kisan kai ko mai tsautsayi, na farko kuma mu kira shi gwanin direba. Amma me na farkon ya yi wanda ya fi na ɗan'uwan sa? Abin da ya raba su kawai shi ne babu yarinyar da ta gitta a gaban sa.

Masana falsafa biyu, Bernard Williams na Ingila da Thomas Nagel na Amurka, sun yi ta kai-komo a kan wannan matsala a shekarun 1970, kuma dukkan su sun kawo misali da direba. Abin da ya ɗaure masu kai shi ne: mu na cewa ba a kama mutum sai da abin da ke hannun sa, amma sai ga shi mu na auna laifin sa da sakamakon da sa'a ce ta kawo shi. Kafin in faɗi inda na tsaya, bari mu ga abin da ke hannun direba tun kafin ya kunna mota.

Barasa ba ta jira sai mutum ya fara tangaɗi kafin ta taɓa tuƙin sa. Ta na jinkirta saƙo tsakanin ido da ƙwaƙwalwa da ƙafa, ta na rage ganin abin da ke gefe, ta na ɓata auna tazara. Mafi muni, wurin da ta ke fara kashewa shi ne wurin da zai gaya wa mutum cewa ya bugu. Shi ya sa mashayi ke rantsuwa garau ya ke. Kuma shayi mai kauri, ko goro, ko watsa ruwan sanyi, ba su fitar da ita daga jini; hanta ce ke wannan aiki, a hankali ta ke yin sa, ba ta san sauri ba.

Dubi abin da ya faru a Paris ran 31 ga Agusta, 1997. Gimbiya Diana ta Ingila ta mutu sakamakon hatsarin da ta yi a cikin Marsandi, motar da ake ji da ƙarfin ta, a wata hanyar ƙarƙashin ƙasa. Direban, Henri Paul, babban jami'in tsaro ne a otal ɗin Ritz. Kyamarar otal ta nuno shi kafin su tashi ya na tafiya daram, har ya durƙusa ya ɗaure igiyar takalmi. Amma gwaji ya nuna barasar da ke jinin sa ta ninka abin da dokar Faransa ta yarda da shi wajen sau 3. A 2008 masu taya alƙali yanke hukunci a London su ka ɗora alhakin mutuwar a kan mugun sakacin tuƙin sa da na masu bin motar a baya. Wato ko kuɗi, ko tsadar mota, ko ƙwarewa, babu wanda ya tare wa barasa hanya.

Wani zai ce ai mu nan ba mashaya ba ne. To, a yi a hankali. Akwai masu saka giya bayan sun sha giya, ko da a ɓoye ne, kuma 'yan ƙananan ledojin barasa ba baƙi ba ne a tashoshi da yawa na ƙasar nan. Ban da wannan, maye ai ba a kwalbar giya kaɗai ya ke ba. Akwai wiwi, akwai sholisho, akwai tiramol, akwai maganin tari mai kodin, wanda sai da ta kai Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a watan Mayu na 2018, bayan wani fim ɗin bincike na BBC ya tona yadda matasa ke ɗirkar sa. Waɗannan ƙwayoyi su na kawo gyangyaɗi da jiri, tiramol kuma idan ya yi yawa har jijjiga ya ke sa mutum kamar mai farfaɗiya. Ka yi tunanin haka ta faru da wanda ke riƙe da sitiyarin bas cike da mutane.

Adalci ne mu faɗi abin da ke tura direba ga wannan. Mai mota na jiran balas, fetur ya yi tsada, 'yan kamasho da shingayen hanya sun ci nasu, dole ya yi sawu biyu a inda jiki ke iya ɗaya. Sai ya sayi ƙarfi na aro a wajen mai ƙwaya. Wannan dalili ne na gaske, kuma ya na jawo mai motar da shugabannin tasha cikin alhakin. Sai dai dalili daban, uzuri daban. Fasinjan da ya biya kuɗin mota bai sa hannu a kan a yi caca da ran sa don a cika balas ba.

Sai kuma maye na biyu, wanda ba ya wari, ba ya sa ido ja, kuma malami da ɗalibi, Alhaji da Hajiya, kowa na taɓawa. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 mu ka samu sabon abokin tafiya a gaban mota. Bari mu yi ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa ta na cin kusan mita 28 a kowane sakan. Idan ka sunkuyar da kai na sakan 5 don karanta saƙo, ka yi tafiyar kusan mita 140 ke nan ba ka ga hanya ba, abin da ya fi tsawon filin ƙwallo. Da wani zai ce ka rufe ido ka tuƙa mota daga raga zuwa raga, ai cewa za ka yi ya haukace. Amma kullum haka ake yi a titin Zoo Road da hanyar Abuja.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya ya na tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗarin karo wajen sau 4, kuma ko da ba a hannu ya riƙe wayar ba bambancin ba shi da yawa. Dalili kuwa, hankali ne ke tuƙi, ido da hannu 'yan aike ne. Hausawa sun riga sun gama magana da su ka ce taura biyu ba ta taunuwa. Hukumar ta kuma ce a rahoton ta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara a duniya, kuma hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Wato sa'o'in mu da ƙannen mu, masu kallon finafinan nan da karanta littattafan nan.

A nan ne ya kamata 'yan fim su duba kan su. Sau nawa mu ka ga jarumi ya na tuƙi ya juya gaba ɗaya ya na kallon masoyiyar sa, ya na mata baitin waƙa, mota na tafiya da kan ta kamar doki ya san gida? Sau nawa aka nuna waya a kunne da hannu ɗaya a sitiyari a matsayin alamar wayewa da kuɗi? Yanzu kuma ga masu ɗaukar kan su bidiyo su na tuƙi don su ɗora a TikTok, ga masu wasa da mota ranar kai amarya. Yaro ba ya koyon tuƙi a makarantar koyon mota kaɗai, ya na koyo a jikin wanda ya ke burge shi.

Wasu finafinan waje sun taɓa batun. A fim ɗin Seven Pounds na 2008, Will Smith ya fito a matsayin mutumin da ya duba waya ya na tuƙi, ya jawo mutuwar mutum 7 har da wadda zai aura, daga baya ya shiga rabar da sassan jikin sa ga wasu don ya fanshi kan sa. Fim ɗin ya na sa hawaye, amma ina da ja a kan sa: ya mayar da mai laifin gwarzo, mamatan kuma su ka zama lamba. Na fi ganin ƙimar ɗan gajeren fim ɗin gaskiya da darakta Werner Herzog ya yi a 2013, From One Second to the Next, inda ya zaunar da waɗanda aka nakasa, da iyalan mamata, da waɗanda su ka yi kisan su na tura saƙo, kowa ya faɗi da bakin sa. Babu jarumi a ciki, sai mutanen da rayuwar su ta karye.

Wannan batu na wa kyamara ke kallo ya fito fili a Indiya. A watan Satumba na 2002 motar Salman Khan ta hau kan mutanen da ke barci a gefen titi a unguwar Bandra ta Mumbai, mutum 1 ya mutu, 4 su ka ji rauni. A watan Mayu na 2015 wata kotu ta same shi da laifi, ta ce shi ke tuƙi kuma ya sha barasa, ta yanke masa shekara 5. A Disamba na wannan shekarar babbar kotu ta soke hukuncin, ta ce masu gabatar da ƙara ba su kawo gamsasshiyar hujja ba. Shari'a ta kotu ce. Abin da ya shafe mu shi ne halin mu na 'yan kallo: shekara 13 ana zancen makomar tauraro da finafinan sa, amma a cikin masoyan sa, har da na nan gida, mutum nawa ne su ka tsaya tambayar yadda iyalan talakan da ya mutu su ka ƙare?

Yanzu mu koma ga direbobin mu biyu. Ni dai inda na tsaya shi ne, wajen ganganci laifin su ɗaya ne, domin an gama aikata shi tun a tasha, lokacin da kowannen su ya haɗiyi ƙwaya ya murza makulli. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gaskiya ne na biyu ya ɗauki ƙarin kaya, haƙƙin rai na wuyan sa, kuma dole ya fuskanci hukuma da iyayen yarinyar. Amma wannan bai wanke na farko ba. Shi asirin sa ne ya rufu. Abin tsoron ma shi ne, duk ranar da ya isa lafiya sai ya ƙara yarda cewa shi gwani ne, gobe ya ƙara awo.

To ina ƙaddara? Babu mai imani da zai musa cewa kowa da ranar sa. Amma mu lura da yadda addinin da ya koya mana ƙaddara ya ɗauki kisan kuskure. Ko wanda ya kashe rai ba da niyya ba, ba a ce ya karkaɗe riga ya tafi gida ba: akwai diyya ga iyalan mamaci, akwai kaffara mai nauyi, har da azumin wata biyu a jere. Idan haka ne hukuncin kuskure tsantsa, ina ga wanda ya san abin da ya sha, ko ya san doka ta hana shi taɓa waya? Kalmar ƙaddara ta dace a bakin uwar da aka kashe wa 'ya, domin da ita za ta samu haƙuri. Idan ta fito daga bakin direban da ya bugu tun kafin ya amsa laifin sa, ta zama mayafin ɓoye ɓarna.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta na nan tun 1988, kuma tuƙi cikin maye da amfani da waya a kan tuƙi duk laifuffuka ne da ake cin tara a kan su. Amma ba za a iya ajiye ɗan rodsefti a cikin kowace mota ba. Wanda ke cikin kowace mota shi ne fasinja. Mu kuwa kunya ta yi mana yawa. Za mu ga idon direba ya yi jawur, ko ya na ta latse-latse, sai kowa ya yi gum, wanda ya yi magana a ce ya cika tsoron mutuwa, wani ma ya ce a ƙara wuta ya na sauri. Cewa "Malam direba, don Allah ajiye wayar nan" ba rashin kunya ba ne. Sauka daga mota a yi asarar kuɗin ta ya fi a isa a makara.

Ga marubuta da daraktoci kuma, roƙo na ƙarami ne. Idan labari ya buƙaci hatsari, a nuna mana minti goma kafin ƙarar burkin. A nuna hannun da ya miƙa kuɗi aka ba shi ƙwaya, a nuna wayar da ta yi ƙara, a nuna fasinjan da ya gani ya kawar da kai. Bayan zaman makoki kuma kada a yi saurin komawa ga soyayyar jarumi, a ɗan tsaya a gidan 'yar tallar, mu ga farantin ta a jingine. Mai kallo da ya ga haka, watakila gobe idan wayar sa ta yi ƙara a kan hanya ya bar ta ta yi ta yi har ya samu wurin tsayawa.

Allah ya kai mu lafiya, ya kuma sa kada wani ya rasa nasa ta dalilin mu.