Wurin da Yatsa Ke Tuntuɓe

Ran hawan salla a Dutse mu kan ga mai algaita a bayan Sarki, kumatunsa a kumbure, busarsa ba ta yankewa, gama ta hanci ya ke shaƙar iska sa'ad da ya ke busa. Da kara mai rami a ƙwaryar ruwa a kan koyi wannan, har a ja numfashi kumfa ba ta tsaya ba.

To, yaron da ya tsallake wurin da yatsunsa ke tuntuɓe cikin taken Sarki, wa ya ruɗa? Mu dai ƙarya mu ke ce da shi, gama algaita magana ta ke yi. Gara maigidansa ya tsai da shi nan, ya raba wurin kaɗan kaɗan, ya busa sannu sannu kafin ya ƙara sauri.