Kafin Ka Ɗora Yatsa a Kan Aya

Ɗana, ranar da mahaifiyarka ta ce ka ci amanarta, ai ba ka tashi neman kwanon da ka ci a ciki ba. Kunnenka ya san karin magana, ya san labari, ya san umarni. To don me, da zarar ka buɗe Littafi Mai Tsarki, sai ka ajiye wannan kunnen a bakin ƙofa?

Ba kai ka fara ba. Nikodimu malami ne babba cikin Yahudawa, amma da Yesu ya yi masa zancen sabuwar haihuwa, a Yahaya sura 3, sai ya shiga tunanin yadda tsoho zai koma cikin uwarsa. Wannan da sauƙi, tunda ya tambaya aka warware masa. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne fasto Jamie Coots na jihar Kentaki a Amurka, wanda ya ɗauki zancen macizai na ƙarshen Markus a matsayin aikin da za a riƙa yi a majami'a. A Fabrairun 2014 maciji ya sare shi ana tsakiyar sujada, ya ƙi magani, ya mutu.

Kada ka ce to shi ke nan, komai alama ne. Wannan ramin ya fi zurfi, don mai faɗawa cikinsa yana jin kansa mai basira. William Miller, manomi kuma mai wa'azi a jihar Niyok, ya ɗauki kwana 2,300 na Daniyel 8:14 ya mai da kowace rana shekara, ya yi lissafi. Mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba, 1844 a matsayin ranar dawowar Almasihu. Wasu suka bar amfanin gona ba girbi, wasu suka rabu da dukiyarsu. Gari ya waye. Ka ga, Miller ba mayaudari ba ne, mai tsoron Allah ne; alamar ce ya fassara da kansa, sannan ya riƙe fassarar kamar ita ce ayar. Ni dai duk mai wa'azin da ya fito da kwanan wata daga Daniyel ko Wahayi, nakan tuna da gonakin nan.

Muhawarar tsohuwa ce. Malaman Iskandariya irin su Orijin sun fi karkata ga ma'anar ɓoye, na Antakiya irin su Yahaya Kirisostom suka riƙe zahirin nassi, kuma ikilisiya ta ci moriyar duka biyun. Bulus da kansa ya kira labarin Hajaratu da Saratu misali, a Galatiyawa 4. Shi ɗin dai, a 1 Korantiyawa 15, ya kafe cewa tashin Almasihu abu ne da ya auku, har ya lissafa waɗanda suka gan shi da idonsu. Ya san inda ake kwance igiya da inda ake ɗaure ta.

Saboda haka, ɗana, in aya ta kama ka, fara tambayar wace irin magana ce: waƙa ce kamar Zabura, tarihi ne, wasiƙa ce, ko wahayi? Wa aka faɗa wa? Karanta surar daga farko har ƙarshe. In ka fito da ma'anar da ba wanda ya taɓa gani cikin shekaru dubu biyu, kada ka hau mumbari da ita; kai ta wurin dattijon da ya riga ka karatu, ka zauna ka saurare shi.