Faɗakarwa A Kan Abin Da Littafi Yake Bari A Zuciyar Mai Karatu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci mutane launi-launi, harshe-harshe, Ya sanya tawada baƙa, takarda fara, kuma karatu ba ya samuwa sai sun haɗu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa, ko almajiri ne kai a zaure, ko mai fatauci tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ka sani littafi baƙo ne. Yakan sauka a zuciyarka ya kwana, kuma ba ya tashi sai ya bar wani abu: ko tausayi, ko fushi, ko alfahari, ko kunya. Abin da marubuci ya rubuta, nauyinsa yana wuyansa. Amma abin da ka aikata da wannan da littafin ya bar maka, kai za a tambaya.

Fasali na farko, a kan ƙagaggen labari

Wasu almajirai suna cewa labarin da bai auku ba ƙarya ne, karanta shi ɓata lokaci ne. Ka sani ƙarya ita ce maganar da aka nufi yaudara da ita. Wanda ya ce maka ga misali, bai yaudare ka ba. Malamanmu sun daɗe suna karantar da Maƙamatul Hariri a zaurukansu, alhali sun san labaran da ke ciki ƙagaggu ne, ba su hana ba, domin akwai lugga da wa'azi a cikinsu.

Dubi Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta tun yana malamin makaranta, domin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Labarin yaro ne da aka sace, ya faɗa bauta, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗansa har ya zama malami. Mahaifiyarsa ta bar gida nemansa, ita ma aka yaudare ta aka bautar da ita, ba su sadu ba sai tana gab da mutuwa. Umar ƙagagge ne, amma uwayen da aka raba da 'ya'yansu a ƙasar nan ba ƙagaggu ba ne. Littafin tarihi zai gaya maka an yi cinikin bayi. Wannan kuwa zai tsayar da kai a bayan mace ɗaya, ka bi sawunta cikin rairayi, har ka ji abin a ƙirjinka. Idan ƙwalla ta zo maka, kada ka ji kunyarta. Sai dai ka tambayi kanka: yau da ake sace mutane a hanyoyinmu ana neman fansa, shin uwar da ke maƙwabtaka da kai ta ga irin wannan tausayin daga gare ka? Tausayin da ya ƙare a takarda, bai kai ƙofar maƙwabci ba, kamar mudu ne marar gindi.

Fasali na biyu, a kan littattafan launin fata

A shekarar 1615 Shaihu Ahmad Baba na Tumbutu, Allah Ya jiƙansa, ya rubuta Mi'irajus Su'ud, yana amsa tambayar mutanen Tuwat game da baƙaƙen da ake kai musu a matsayin bayi. Ya bayyana cewa baƙar fata ba ita ce sababin bauta ba, kuma ya ambaci mutanen Kano da Katsina da Barno cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Shi kansa ya ɗanɗani ɗaci, domin bayan rundunar Maroko ta ci ƙasar Songhai a 1591, an kama shi an tafi da shi Marrakesh, ya yi shekaru kafin ya koma gida.

Mai karanta wannan, abu biyu sukan taso masa. Na farko farin ciki, ganin malami daga ƙasashenmu ya tsaya da hujja. Wannan abin yabo ne. Na biyu fushi ga waɗanda suka saya, har ya ɗora laifin a kan jinsinsu duka. A nan ne nake jan hankalinka. Kai ɗan kasuwa ne, ka san kasuwa ba ta ci da mai saye shi kaɗai. Wane ne ya kai hari ƙauye, wane ne ya ɗaure, wane ne ya kora zuwa kasuwa? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Har a cikin Shaihu Umar, waɗanda suka fara cutar yaron mutanen ƙasarsa ne, wanda ya ilmantar da shi kuwa baƙo ne. Wanda ya karanta littafin da ya rushe fifikon launi, sa'an nan ya fito yana ƙin wani launi, to ya ɗauki kwasfa ya zubar da ƙwaya.

Fasali na uku, a kan tarihin ƙasarmu

Wannan shi ne mafi haɗari, domin ya fi kusa da jiki. Ka karanta cewa Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, Gobirawa suka kafa Alƙalawa. Ka karanta cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin hijirarsa ta 1804. Ka karanta cewa a 1808 rundunar jihadi ta ci Alƙalawa, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, kuma Namoda, wanda Ƙaura take amsa sunansa, yana cikin jagororin yaƙin. Sa'an nan a 1903 Turawa suka ci Sakkwato. Duba da kyau: wanda ya ci jiya, an ci shi jibi. Babu wata kabila a ƙasar nan da tarihinta nasara ce tsantsa, babu kuma wadda tarihinta zalunta ce tsantsa.

To, tun daga wajen 2011 da fitinar 'yan bindiga ta yi ƙamari a Zamfara, aka zubar da jini a garuruwa da rugage, sai ga waɗansu suna buɗe waɗannan littattafai ba don neman darasi ba, sai don neman makami. Wannan ya ciro shafi ya ce ga abin da kakanninsu suka yi mana. Wancan ya ciro wani shafi ya ce ga shaidar mu ne masu ƙasa. Ka sani, ya ɗan'uwa, shari'a ba ta kama ɗa da laifin ubansa, balle jika da laifin kakan kakansa. Ɗan ta'adda ana kiransa da aikinsa, ba da sunan kabilarsa ba. Matar da ke kawo nono kasuwar Shinkafi ba ta halarci Alƙalawa ba, manomin da ke sayar mata da gero bai halarta ba.

Ka yi koyi da Muhammadu Bello. Da ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ya shigar da wasiƙun Shehu Muhammadu al-Aminu al-Kanemi na Barno, wanda ya soki yaƙin da ake yi da ƙasarsa, sa'an nan ya amsa masa. Yana da ikon ya binne maganar abokin jayayyarsa, amma ya bar ta ga na baya su gani. Idan wanda ya yi yaƙin da hannunsa ya saurari hujjar ɗaya ɓangaren, yaya kai da ka zo bayan shekara fiye da 200 za ka toshe kunne?

Khatima, a kan ladubban mai karatu

Na ɗaya, ka san wanda ya rubuta, da zamaninsa, da ɓangaren da ya tsaya. Na biyu, kada ka yanke hukunci da littafi ɗaya, kamar yadda alƙali ba ya hukunci da jin mai ƙara shi kaɗai. Na uku, idan littafi ya yabi mutanenka ka tsananta bincike, domin zuciya tana saurin karɓar abin da ya yi mata daɗi, kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na huɗu, kada ka kai wa jama'a abin da ka karanta alhali kana cikin zafin fushi. Ka bari ya kwana, ka kai shi gaban malami tukuna. Na biyar, ka auna littafi da halinka bayan ka rufe shi. Idan ka tashi ka fi jin tsoron Allah game da haƙƙin mutane, ka ci riba. Idan ka tashi kana kallon abokin cinikinka na shekara da shekaru da wani ido saboda asalinsa, to ka yi hasara, ko da abin da ka karanta gaskiya ne.

Allah Ya amfanar da mu da abin da muka karanta, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah Shi ne Mafi sani. Tammat bi hamdillahi.