Me Aka Zuba a Gurbin Man?

Karatu: Matiyu 12:43-45, Afisawa 4:22-32

Lokacin da nake yaro a ƙauyenmu, kusa da Malumfashi, akwai wata Bafulatana da takan kawo mana nono da hantsi. Duk gidan Inna muke kiranta. Takan sauke kayanta a gindin bishiyar tsakar gida, ta ɗage faifai daga kan ƙwarya biyu. Ɗaya kindirmo ne, mai kauri, wanda in an tsoma ludayi sai ya bar rami a cikinsa. Ɗayan kuwa tsala ne, an riga an kaɗa shi a gora an kwashe mansa, man kuma yana nan curi-curi a wata 'yar ƙwarya daban. Mahaifiyata takan nuna ta ce, "Inna, wannan fa?" Ita kuma ta ce, "Tsala ne, 'yata. Na cire mansa, ban zuba masa komai ba." Kowanne da sunansa, kowanne da kuɗinsa.

Ranar da kuɗi ya yi ƙaranci tsala muke saya. Amma ban taɓa ganin mahaifiyata ta miƙa mana shi haka nan ba, domin ta san tsala shi kaɗai ba ya riƙe ciki. Sai ta ɗauko curin fura biyu ta dama a ciki har ya yi kauri, mu sha mu tafi gona, ba za mu nemi abinci ba sai rana ta take. Gurbin da mai ya bari, gero ya cike shi.

Na yi shekaru ban tuna da wannan ba, sai da likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, nauyina kuma ya wuce kima. "Malam, sai ka rage maiƙo," in ji shi. Na fita da niyya mai kyau. A kanti na ga robar yogot iri biyu a jere, ɗaya an rubuta a gabanta da manyan baƙaƙe cewa an rage mata mai. Ita na ɗauka, na kuma yi makonni ina shan ta kowace safiya da kwanciyar rai. Wata rana 'yata ta juya robar ta karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, ta ce, "Baba, ka ga sukarin da ke ciki kuwa?" Muka lissafa tare. Cokalin shayi ɗaya na sukari giram 4 ne, abin da ke cikin robar nan kuwa ya kai cokali biyar. An gudu ba a tsira ba. Na yi ta duba abin da aka cire, ban taɓa tambayar abin da aka zuba ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai shi ke ɗauke da ɗanɗano, shi ke ba abinci kauri da laushi a baki. In aka cire shi, abinci yakan zama lami, ba mai sha'awar saye. Saboda haka masu sarrafa abinci sukan mayar da ɗanɗano da sukari, su mayar da kauri da sitaci. Amurka ta bi wannan hanya kafin mu. A 1977 wani kwamitin Majalisar Dattawan ƙasar, ƙarƙashin Sanata George McGovern, ya shawarci jama'a su rage cin mai. Cikin shekarun da suka biyo baya kantuna suka cika da biskit da yogot da kayan maƙulashe masu tambarin an rage mai, mutane kuma suka riƙa ci babu fargaba. A ƙarshen shekarun 1970 kusan kashi 15 cikin 100 na manyan ƙasar ne ke da ƙiba mai yawa. Zuwa shekarar 2000 adadin ya kai kusan kashi 30. Dalilai da yawa ne suka haɗu suka kawo haka, amma abu ɗaya ya bayyana: tambarin gaban kwali bai ceci kowa ba.

Kada wani ya ji wannan ya ce to a buɗe wa mai ƙofa. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci ko furotin 4 yake da shi. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120, ka ga wanda yake kwarara shi a tukunya har ya yi iyo a kan miya yana tara wa jikinsa kaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada mai ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abinci a yini, irin mai daskarewa kuma, kamar man shanu da kitse, kada ya kai kashi 10. Duk da haka jiki ba ya rayuwa babu mai, domin da shi ne yake iya tsotsar bitamin A da D da E da K daga ganye da sauran abinci. Madarar da aka yaɗe mata mai kawai, ba a ƙara mata sukari ba, abinci ce mai kyau, 'yar'uwar tsalan Inna ce. Kindirmo ma mai kyau ne ga wanda ya san iyakar ludayinsa.

A 2018 masu bincike a Jami'ar Stanford suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 609 na tsawon shekara guda. Rabi suka rage mai, rabi suka rage sitaci. Amma dukansu an koya musu abu ɗaya: su yawaita ganye, su rage sukari da farar fulawa, su riƙa dafa abinci a gida. Da shekara ta cika, matsakaicin abin da kowane rukuni ya sauke yana tsakanin kilo 5 da kilo 6, bambancin bai taka kara ya karya ba. Da alama abin da aka zuba a kwano a madadin wanda aka ɗauke, shi ya yi aikin.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wannan ita ce maganar da Ubangijinmu Yesu ya yi a karatunmu na yau, sai dai shi a kan zuciya ya yi ta. Yana magana ne da malaman Attaura da Farisiyawa, mutanen da suka ƙware wajen gujewa: sun san abin da ba a ci, da abin da ba a taɓa, da wanda ba a zama da shi. Sai ya ba su misalin mutumin da mugun ruhu ya rabu da shi. Wannan abin murna ne, an sami 'yanci. Mutumin ya tashi ya share ɗakin ransa, ya gyara shi tsaf. Abu ɗaya ya rage: bai shigo da kowa ba. Da tsohon baƙon ya gama gararinsa ya leƙo, ya tarar da ɗaki mai tsabta babu mai shi, sai ya gayyato waɗansu bakwai da suka fi shi mugunta. Halin mutumin na ƙarshe ya fi na farko muni.

Ka lura, Yesu bai zargi mutumin da ƙazanta ba. Shara ta yi, gyara ya yi. Laifin ɗakin shi ne zamansa kango. Zuciya kamar ciki take, ba ta yarda ta zauna wayam. Duk abin da ka cire daga cikinta ya bar gurbi, gurbin kuma zai cika, ko da saninka ko babu. In ba ka dama masa fura ba, wani zai zuba masa sukari.

Mun san wannan a cikinmu da kuma a tsakaninmu. Mutum ya bar burukutu, mun gode wa Allah tare da shi. Bayan shekara guda sai ka ji yadda yake ambaton waɗanda har yanzu suke sha, ka gane girman kai ya zauna a kujerar da giya ta bari, shi kuwa girman kai ba ya wari a baki, ba mai yi masa faɗa a kansa. Mace ta daina cacar baki da maƙwabciyarta, amma ta maye gurbinta da gaba, wata uku ba gaisuwa, tana kuma cewa ai ita ta bar faɗa. Wani ya daina gulma a bakin kasuwa, sai ya kawo ta wurin taron addu'a: "Mu sa wane a addu'a, kun dai ji abin da ya yi?" An sake wa tuwo suna ke nan. Saurayi ya rabu da miyagun abokai, ya koma ɗaki, waya ta zama abokiyarsa har ƙarfe biyun dare. Kowannensu yana da babban tambari a gaba mai cewa na daina, kuma gaskiya ne, ya daina. Amma Allah yana juya roba, yana karanta ƙananan rubutun da ke baya.

Abin da ya sa sauyin nan yake da haɗari shi ne yana kwantar da hankali. Da ina shan kindirmo na san mai nake sha, ina taka-tsantsan. Da na koma ga mai tambarin nan sai na saki jiki. Haka wanda ya san shi mai zunubi ne yakan zo gaban Allah da rawar jiki, amma wanda ya musanya zunubi mai wari da zunubi mai zaƙi yakan yi barci, yana tsammani ya warke.

Manzo Bulus ya san wannan, shi ya sa a wasiƙarsa zuwa ga Afisawa bai taɓa cewa a tuɓe ba tare da ya faɗi abin da za a sa ba. Ka sake karanta ayoyin a hankali, za ka ga komai biyu-biyu ya zo. Maƙaryaci bai gama tuba ba don ya yi shiru, sai bakinsa ya koyi faɗin gaskiya ga maƙwabcinsa. Ɓarawo bai gama ba don ya naɗe hannu, sai hannun nan ya yi aiki har ya sami abin ba mabukaci. Bakin da ya saba da ruɓaɓɓiyar magana ana so ya koyi kalmar da ke gina mai ji. Inda ɗacin rai da fushi suka tashi, kirki da tausayi da yafiya ne za su zauna. Wannan ita ce furar da ake damawa a tsala, mai nauyi, mai riƙe ciki har yamma.

Amma ko kyawawan halayen nan kayan ɗaki ne, ba su ne mai gida ba. Ɗakin da ke cikin misalin yana bukatar wanda zai kwana a cikinsa, wanda in an ƙwanƙwasa da tsakar dare zai amsa. Almasihu bai zo don ya share mu ya tafi ba. Ya zo ya zauna, ta wurin Ruhunsa Mai Tsarki. Ƙoƙarinmu yana iya korar wani hali na ɗan lokaci, kamar yadda mai rage ƙiba yake daurewa mako biyu da ƙarfin hali, amma yunwar tana nan, za ta kuma nemi abin da ya fi kusa. Wanda ya ƙoshi da Almasihu ne kaɗai yake iya wuce tallan zaƙi bai waiwaya ba.

Safiyar nan ƙwarya ce da ba a zuba mata komai ba tukuna. Kafin hayaniyar yini ta cika ta, ka zauna ka tambayi kanka da gaskiya. Wane abu ne na bari a shekarun nan da nake gode wa Allah a kansa? Me ya zauna a wurinsa? In matata, ko mijina, ko 'ya'yana suka juya ni suka karanta bayana, me za su gani a rubuce? Ka ambaci abu ɗaya da sunansa a gaban Ubangiji. Sa'an nan ka zaɓi abu ɗaya mai kyau da za ka zuba a gurbinsa yau: gaisuwar da ka daɗe kana hana wani, ko kwanon abinci ga wanda ba shi da shi, ko rabin sa'ar da waya take ci ka ba Maganar Allah. In kuma ka zauna karin kumallo, ko kindirmo ne a gabanka ko tsala, ka duba abin da ke ciki, ka ɗebi gwargwado, ka bi shawarar likitanka, ka yi godiya. Jikin nan ma amana ne.

Addu'a

Ya Uba na sama, na gode maka domin abubuwan da ka fitar daga rayuwata, waɗanda da ƙarfina ban isa in kore su ba. Ka gafarta mini inda na bar ɗakin wayam, da inda na yarda wani zunubi mai zaƙi ya zauna a wurin tsohon, ina kuma taƙama da tsabtata. Ka juya ni, ka nuna mini abin da ke rubuce a bayana, ka ba ni zuciyar karɓa. Ya Yesu, ka shigo ka zama mai gidan nan. Ka cika ni da Ruhunka, ka ƙosar da ni da kanka, har bakina ya koyi gaskiya, hannuna ya koyi bayarwa, zuciyata ta koyi yafiya. Ka ba ni hikima a gaban kwanona, ka kuma tuna da waɗanda suka wayi gari ba su da ko tsala, ka sa in zama hannun da za ka ciyar da su. Cikin sunan Yesu Almasihu nake roƙo. Amin.