Shin Sanin Fili Da Iska Yana Halatta Caca?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A wannan mako za mu duba wata hujja da waɗansu samarinmu ke kafawa game da cacar da suke yi ta wayar hannu a kan ƙananan gasannin wasan tanis, irin waɗanda ake bugawa a Monastir ta Tunisiya, da Sharm el-Sheikh ta Masar, da Antalya ta Turkiyya. Cewa suke yi abin da Alƙur'ani ya haramta shi ne dogaro da sa'a, su kuwa nazari suke yi kafin su zuba kuɗi.

Babu shakka akwai nazari a ciki. Filin jar ƙasa yana rage gudun ƙwallo, ya ɗaga ta sama. Filin ciyawa yana sa ta sauri ƙasa-ƙasa. A gari mai tudu kamar Bogota ta Kolombiya, wadda ta ɗara teku da kimanin mita 2,600, iska ba ta da kauri, sai ƙwallo ta zarce yadda aka saba. Duk wannan yana shiga lissafin ninkin da kamfani zai biya. To, shin wannan sani yana fitar da abin daga caca?

Larabawan Jahiliyya sukan yanka raƙumi, su girgiza kibau 10, bakwai masu rabo, uku marasa rabo, waɗanda suka tashi a tutar babu su biya kuɗin raƙumin. Wannan shi ne maisir. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta ambaci cewa akwai amfani a cikinsa, amma zunubinsa ya fi girma. Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka haramta shi baki ɗaya. Malaman fiƙihu sun bayyana haƙiƙarsa: kowane ɓangare ya ajiye dukiyarsa a kan abin da ba a san ƙarshensa ba, ɗaya ya ci, ɗaya ya rasa, babu haja da aka saya, babu aiki da aka yi. Sani yana ƙarfafa zato kawai, bai taɓa ko ɗaya daga waɗannan siffofi ba.

Manomi ma yana duban hadari kafin ya yi shuka, kuma yana iya yin hasara. Amma in ya dace, hatsi ya ƙaru a duniya, kowa ya amfana. Ɗan caca in ya dace, daga aljihun wani aka ciro masa. Hadisin Abu Huraira da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya halatta lada a gasar harbi da ta raƙuma da ta dawaki, to amma wannan na masu fafatawa ne, ba na ɗan kallo ba.

Ga kuma lissafi. A ce 'yan wasa biyu sun yi kunnen doki a ƙarfi, kamfani ya ba kowannensu ninki 1.85. Wani ya sa naira 1,000 a kan na farko, wani ya sa 1,000 a kan na biyu. Kamfani ya karɓi 2,000, ya biya 1,850, ya riƙe 150, ko wa ya ci.

Abin da ya fi muni shi ne ɓarnar da ke ƙarƙashi. A matakin ƙarshe na gasannin hukumar tanis ta duniya, ITF, dala 15,000 aka riƙa raba wa dukan 'yan wasa a 2024, wanda aka fitar a zagayen farko da ƙyar zai biya masauki. Irin wannan sauƙin saye gare shi. A 2018 wani kwamiti mai zaman kansa da hukumomin wasan suka kafa ya kamanta cuwa-cuwar ƙananan gasanni da ambaliyar teku. A 2023 kotu a Beljiyam ta ɗaure Grigor Sargsyan shekara 5 saboda jagorantar gungun da ke biyan 'yan wasa su faɗi da gangan. Wanda ya kwana yana nazarin iska, mai yiwuwa wasan da ya zuba wa kuɗi an sayar da shi tun jiya. Kuma kuɗinsa na cikin abin da ke sa cin hancin ya yi riba.

Ya ɗan'uwa, basirar da ta iya wannan nazari ni'ima ce, za a tambaye ka inda ka kashe ta. Ka kai ta kasuwa ko gona ko makaranta. Wanda ya riga ya faɗa ciki ya tuba, ya raba dukiyarsa da abin da ya ci. Allah Ya wadata mu da halal. Wassalamu alaikum.